Waɗanda yajin aikin motoci na 2023 ya rutsa da su a Amurka, ku ba mu labari

Baban Ummi, Alabama

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka gani da idonsu. Ina aiki a wata masana'antar haɗa motoci a nan kudu, kuma ba mu da ƙungiyar ƙwadago. Kwanakin nan wasu abokan aiki sun sake fara yawo da katin shiga UAW, ƙungiyar ma'aikatan motoci ta Amurka, a wurin ajiye motoci, suna cewa mu sa hannu. A watan Afrilun 2024 ma'aikatan Volkswagen na Chattanooga sun kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar, bayan wata guda kuma na Mercedes a nan jiharmu suka ƙi. Shi ya sa kanmu ya rabu. Abin da matata take tsoro shi ne yajin aiki, ga haya, ga yara uku, ga na gida da ke jiran aike kowane wata. Duk wanda na 2023 ya taɓa, ko ta wace fuska, don Allah ya faɗa mana yadda ya ji a jikinsa. Abin da jarida ta rubuta na karanta.

Ɗan Agadas, Mishigan

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ni a ciki aka yi da ni. Lokacin ina ma'aikacin wucin gadi a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin motocin Amurka uku, wato Ford da General Motors (GM) da Stellantis, albashina bai kai dala 17 a awa ba, alhali wanda muke ɗaura ƙofa ɗaya da shi yana karɓar sama da 30. Aiki ɗaya, ciwon baya ɗaya. Wannan bambancin ne ya fi ci wa mutane rai, fiye ma da zancen ƙarin kashi 40 cikin 100 da aka nema da farko.

Abin da ya sa na 2023 ya bambanta shi ne salon da Shawn Fain, shugaban UAW a lokacin, ya zo da shi. A 2019 GM kaɗai aka yi wa yaji, kowa ya fita rana ɗaya, aka yi kwana 40. Wannan karon Ford da GM da Stellantis aka haɗa gaba ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba, amma ɗauki ɗai-ɗai. Ranar 15 ga Satumba masana'antu uku kacal aka rufe: ta GM a Wentzville, ta Ford a Wayne, da ta Jeep a Toledo, mutum kusan 13,000. Sauranmu aka ce mu ci gaba da aiki mu saurari kira. Ranar Juma'a kowa ya ƙura wa waya ido, Fain yana magana kai tsaye a Facebook, kana jira ka ji ko za a ambaci taku. Wallahi wannan jiran ya fi yajin kansa gajiyar da ni. Ba ka san ko ka biya kuɗin motarka ba, ko ka ɓoye kuɗin saboda gobe.

Mu sai a watan Oktoba aka kira mu. Ƙungiya tana ba kowa dala 500 a mako, da sharaɗin ka je ka tsaya bakin ƙofa a lokacin da aka ware maka. Ni da albashina ba shi da yawa, giɓin bai yi min zurfi ba. Waɗanda suka ji jiki su ne manya masu bashin gida da motoci biyu, waɗanda suka saba da obataim. Na dare aka ba ni, ga sanyin Mishigan ya fara shigowa, muna kewaye da durom ana hura itace a ciki, masu wucewa suna danna mana hon. Akwai wani dattijo baƙar fata da ya yi na 2019, shi ke riƙe min kwalina idan zan yi sallar asuba a gefen mota. Bai taɓa tambayata dalili ba.

Da aka sasanta a ƙarshen Oktoba, an samu ƙarin kashi 25 cikin 100 a tsawon shekara huɗu da rabi, kashi 11 nan take, aka dawo da ƙarin tsadar rayuwa da aka cire tun rikicin tattalin arziki na 2009, kuma shekarun da sabon ma'aikaci zai yi kafin ya kai albashin ƙoli suka dawo uku daga takwas. Ni aka tabbatar da ni a matsayin ma'aikacin dindindin. Ba zan yi wa Allah butulci ba, rayuwata ta canja. Amma fanshon da aka nema wa sababbi ba a samu ba, zancen aikin awa 32 a mako ma ya bi ruwa.

Maman Hanan, Ohayo

Ɗan Agadas, ina taya ka murna, amma bari in faɗi ɓangarenmu, don ku da kamfani kuka yi faɗa, mu muka kwana a ƙasa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa kujerun mota. Kujerar da muka gama da safe, kafin la'asar tana cikin mota, ba a tara kaya a sito. To ranar da masana'antar da muke kai wa ta tsaya, ina za mu kai? Ba a yi kwana uku ba aka ce mu zauna a gida sai an neme mu.

Ba mu cikin ƙungiya, don haka babu dala 500. Kuɗin rashin aiki na jiha na cika takarda, sai da na yi makonni ina bin waya kafin ya fara shigowa, kuma bai kai rabin abin da na saba samu ba. Maigida yana tuƙin Uber, shi ya riƙe gidan. Adashin da muke yi da matan masallaci sai da na roƙi uwar adashi ta musanya min kwasa da wata. Mako shida ina gida. Da muka koma, ba duka aka kira ba, wasu sun riga sun kama aiki a sito-sito sun ƙi dawowa, mu da muka rage muka riƙa yin aikin mutum biyu don a cike abin da aka rasa. Ƙarin da muka samu daga baya bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce kada su yi yaji ba fa. Abin da nake cewa, Baban Ummi, idan kana lissafi ka sa da irinmu a ciki.

Ɗan Agadas, Mishigan

Gaskiyarki Maman Hanan, ba ni da ta cewa. Ko a cikin kamfanonin kansu an sallami dubbai na ɗan lokaci saboda wani sashe ya tsaya, amma su 'yan ƙungiya ne, an ba su kuɗin yajin. Ku ne ba a tuna da ku ba.

Alhaji Zango, Kolombus

Yarana sannunku. Ni mutumin Kumasi ne, shekarata ashirin da wani abu ina jan tirelar ɗaukar sababbin motoci. Makonnin farko ban ji komai ba, domin akwai motoci jibge a filin ajiya, muna ta kwasa. Ranar 11 ga Oktoba ne na san abin ya girma, da aka rufe masana'antar Ford ta Louisville a Kentaki, inda ake yin manyan a-kori-kura, mutum 8,700 suka fita ba tare da an jira Juma'a ba. Wannan ita ce saniyar tatsarsu. Daga nan aka bi da ta Ram a Sterling Heights da ta GM a Arlington, kwana ɗaya tsakani. Ku lura, da aka taɓa waɗannan ukun ba a ƙara mako guda ba kowa ya sa hannu. Ƙananan motoci ba su ne ke kawo musu riba ba.

Mu direbobi ana biyanmu ne da lodi. Babu lodi, babu kuɗi, ga bashin kan tirela yana tafiya. Kuma ko akwai lodi, ni ba na ratsa mutanen da suka tsaya a ƙofa da kwalaye, ba tarbiyyar aikinmu ba ce. Na koma ɗaukar tsofaffin motoci daga wurin gwanjo har ƙura ta lafa.

Injiniya Mai Gareji, Teksas

Ni abin da ya same ni ba wanda ya yi zancensa sosai. A mako na biyu, 22 ga Satumba, aka rufe rumbunan rarraba kayan gyara guda 38 na GM da Stellantis. Mutum wajen 5,600 ne kawai, amma su ne ke aika kaya wa dilolin ƙasar. Ina da garejin gyaran jikin mota. Mota ta yi hatsari, inshora ta amince, mai ita yana tuƙa ta haya, mu kuma muna jiran bamba ko fitila ɗaya. Akwai wadda ta yi sama da wata a wurina saboda wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Ƙarshe yawon wuraren da ake farfasa motoci na koma, kamar ina Ƙofar Ruwa. Abin dariya, a bakin irin wannan rumbun ne Biden ya je ya tsaya da masu yajin ranar 26 ga Satumba.

Malam Lissafi, Shikago

Bari in kawo ta ɓangaren kasuwa, tunda ina ɗan taɓa hannun jari, kuma na ƙone a wannan. Da na ga na GM yana ta sauka a Oktoba, tsoro ya kama ni na sayar. Ƙarshen Nuwamba kamfanin ya fito ya ce yajin ya ci masa kimanin dala biliyan 1.1, a rana guda kuma ya ce zai sayi hannun jarinsa na dala biliyan 10 daga kasuwa, farashi ya yi tsalle. Na ciji yatsa. Ford ta ce nata asarar biliyan 1.7 ce, kuma sabuwar yarjejeniyar za ta ƙara mata dala 850 zuwa 900 a kan kowace mota. Kuɗi ne, amma ku gwada shi da farashin sabuwar a-kori-kura. Masu cewa yajin zai durƙusar da kamfanonin ba su faɗi daidai ba.

Sai dai masu cewa ya tsare ayyuka ma su yi a hankali. A Agustan 2024 Stellantis ta sanar da sallamar mutum har 2,450 a Warren, kuma masana'antarta ta Belvidere da ke nan jiharmu, wadda aka yi ta murna an yi alkawarin sake buɗewa, sai aka ɗage. Motocinsu ne suka taru a hannun diloli ba sa tafiya, har shugabansu Carlos Tavares ya sauka a Disamba. Ko ƙarin albashin ne ya jawo, ko tsadar da suka sa wa motocin tun kafin yajin, ni na fi karkata ga na biyun. Yarjejeniya tana iya tsayar da abin da za a biya ka a awa, amma ba ta sa mutane su sayi mota.

Ɗan Kwatano, Maraɗi

Ina karanta ku ina murmushi. Lokacin da aka fara, abokan ciniki suna ta kirana wai motocin Amurka za su yi tsada, a yi maza a saya. Ni da nake sayen na gwanjo ana loda min zuwa Kwatano, ban ga wani canjin da zan ɗora wa yajin ba. Mutanenmu Toyota da Honda suke so, su kuwa ba su tsaya ba. Abin da ya karya mu a wannan shekarar daban ne: an rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, motocina suka maƙale a tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya yana hawa, naira kuma ta faɗi, mutanen Katsina da Kano suka daina zuwa. Ku yi haƙuri na fita daga zance.

Baban Ummi, Alabama

Ba ka fita ba Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Na gode muku duka. Akwai abin da ban faɗa ba da farko, kuma maganar Maman Hanan ta sa na ji kunya. Mu nan mun ci ribar yajin ba mu rasa ko kwana ɗaya ba. Ana sa hannu a Ditroit da manyan kamfanonin uku, Toyota ta sanar da ƙarin kusan kashi 9, Honda 11, Hyundai ta ce kashi 25 daga lokacin zuwa shekarar 2028. Namu ma ya yi ƙari ba wanda ya roƙe shi. Sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta ne suka shafa wa nasu ruwa. Yanzu da wannan ƙarin ake ce mana me za ku yi da ƙungiya.

Ɗan Agadas, nawa ake cire muku a wata? Kuma idan an shiga, dole ne sai an yi yaji?

Ɗan Agadas, Mishigan

Kuɗin awa biyu da rabi na albashinka a wata. Yaji kuma sai 'yan ƙungiya sun kaɗa ƙuri'ar ba da izini, ba haka kawai ake wayar gari a ce ku fita ba. Tamu yarjejeniyar za ta ƙare 30 ga Afrilun 2028, da gangan aka zaɓi ranar don ta haɗu da ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu. Ni dai tun bara nake ware wani abu kowane mako saboda ita.

Maman Hanan, Ohayo

Ni ma na sa ranar a waya. Na faɗa wa uwar adashi tun yanzu, kwasata ta 2028 a watan Mayu nake so.