Sai an bi ta Landan ake shiga adabin duniya?

Nura: Salamu alaikum. Jiya a aji aka ce littafin da bai shiga Turanci ko Faransanci ba, bai shiga adabin duniya ba tukuna. Ni kam na yarda. Tagore, marubucin Indiya, bai samu kyautar Nobel ta adabi a 1913 ba sai da ya mayar da littafin waƙoƙinsa Gitanjali Turanci da kansa. Da ya bar shi a harshen Bengali, wa zai san shi a Suwidin, inda ake ba da kyautar?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Nura, Suwidin ce duniya? Ishiriniya fa? Alfazazi da ya rubuta ta mutumin Andalus ne, ya rasu tun ƙarni na 13, amma har gobe ana rera ta a Kano da Katsina, balle in watan Maulidi ya kama. Ta ƙetare Sahara, malamai suna fassara ta baki da baki a zaure, ba ta taɓa neman izinin Landan ba.

Nura: Allah gafarta Malam, ai wannan addini ne ya ɗauko ta.

Malam Sani: To shi Turanci wa ya ɗauko shi? Ba mulkin mallaka ba?

Hajiya Bilkisu: Ku yi haƙuri in sa baki. Ko manazarci David Damrosch, wanda ake yawan kafa hujja da littafinsa na 2003, abin da ya nufa da adabin duniya shi ne aikin da ya yi yawo ya wuce garinsu, a fassara ko a harshensa na asali. Bai ɗaure shi da Turanci ba. Ciwon yana wajen manazarta, yawancinsu harshe ɗaya ko biyu suke karantawa, sai su ɗauka iyakar ganinsu ita ce iyakar adabi. Ku dubi Nana Asma'u. Ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, wasu na Fulatancin ma ƙaninta Isa ne ya mayar Hausa. Wanda ya riƙe harshe guda, ko da Hausar ce, gefe ɗaya kawai ya gani. Mu ma ba mu tsira ba: Hausa sashenta daban a jami'o'inmu, Larabci nasa daban, alhali marubuciyar guda ce.

Malam Idi, Damagaram: Hajiya, mu nan Faransanci ne ya tsaya mana a ƙofa. Manazarciyar Faransa Pascale Casanova ma a 1999 Paris ta nuna a matsayin inda ake buga wa marubuci hatimi. Amma in tambaya, wa zai iya koyon harsunan duka? Rayuwa guda ce fa. Abin da ya sa manazarci Franco Moretti a 2000 ya ga dole mai kwatanta adabi ya dogara da binciken masana kowane harshe ke nan.

Hajiya Bilkisu: Ba a ce mutum ɗaya ya koye su ba, Malam Idi. A SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka ta Landan, Francesca Orsini ta jagoranci wani aikin bincike kan adabin arewacin Indiya da ƙasashen Magrib (su Maroko) da ƙusurwar Afirka (su Habasha), kowa ya zo da harsunansa, suna duban yadda Hindi da Urdu, ko Amharic da Oromo, ke zama a gari ɗaya.

Nura: Kin ji ko, Hajiya? A Landan! Kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da ya isa Indiya a 2012, a fassarar Aliyu Kamal ya je, da Turanci.

Malam Sani: Ya je. Amma tun kafin nan labaran Indiya sun iso mana ta littafin Kalila wa Dimna, ta hannun Farisawa da Larabawa. Ka kai wa malaminku wannan ranar Litinin, mu ji me zai ce.