Agogo: kalmarmu ce ko ta aro?

Sani: Jama'a, jiya wani Bayarabe da na gyara wa agogo ya ce min wai kalmar tasu ce, kuma wai asalinta ƙararrawa take nufi. Ni fa ban yarda ba. Abin da har kirari muka yi masa, agogo sarkin aiki?

Malam Habu: Gaskiya ya faɗa maka, Sani. A Yarbanci agogo ƙararrawar ƙarfe ce da ake bugawa da sanda, da ita mai shela ke tara jama'a. Da na'urar lokaci ta zo tana kaɗawa, sai ta gaji sunan, mu kuma muka ara. Bayin da aka kwasa ma sun tafi da kalmar har Burazil, can abin kiɗa ne.

Sani: Allah gafarta Malam, me zai hana a ce su suka ara a wurinmu?

Malam Habu: Ka taɓa jin Bahaushe ya kira ƙararrawa agogo? Ma'ana ɗaya muke da ita, su suna da biyu, har da tsohuwar. Mai tsohuwar ma'ana shi ke da kaya.

Hajiya Binta: Ku bar agogo, ku dubi "ƙarfe nawa?" A firamarenmu ba mu taɓa ganin ƙararrawa ba. Tsohon wilin mota aka rataye a reshen darbejiya, wani ɗan aji shida ke dukansa da guntun rodi. Da ya buga sai a watse, an tashi tara, kowa ya ruga wurin mai awara da kuɗin tararsa. Ƙarfen da ake bugawa ne ya zama sunan lokaci.

Isiyaku: Hajiya, ai ƙarfen ya girmi makarantar boko. Kugen fada fa? Da shi ake shelar yaƙi, shi ya sa har yau ake cewa an buga kugen siyasa.

Hajiya Binta: Kuge shela yake yi, ɗana, ba ya ƙirga awa. Kafin zuwan Turawa da hantsi da azahar da la'asar ake sa alkawari.

Sani: To ita ƙararrawa dai ba wanda zai ƙwace mana. Ƙara ce a cikinta.

Malam Habu: Wannan na bar maka.

Sani: Mutumin zai dawo Asabar da agogon matarsa. Sai na ƙara masa kuɗin batir.