Kibana na cewa nod ya mutu alhali yana aiki

Na Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Kulastar Elasticsearch 8 ce (manhajar adana bayanai da bincika su) mai nod uku, wato sabobi uku da ke aiki tare, a wani ofis a nan Katsina. An ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi nod na uku ya mutu. An kunna shi, tashar 9200 tana amsawa, amma Kibana, manhajar da ake duba kulastar da ita, ta nace ba ya nan, kulastar kuma tana nuna rawaya maimakon kore, alamar lafiya. Ta ina za a fara?

Malam Kusugu: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye Kibana tukuna. Shafinta na sa ido ba ya tambayar nod kai tsaye, abin da aka tara a .monitoring-es, ma'ajiyar rahotannin nod, yake karantawa. Ka buga GET _cat/nodes?v a kan nod na ɗaya don ganin jerin nod ɗin da ke cikin kulastar. Idan na ukun ya fito, to duba agogon sabarsa. Batirin agogon da ya raunana yakan mai da lokaci baya in wuta ta yanke, sai rahotonsa ya faɗa wajen lokacin da kake kallo. Ka daidaita shi da chrony, manhajar daidaita agogo.

In kuwa bai fito ba, amsawar 9200 ba hujja ba ce, don ta tashar 9300 nod ɗin suke magana da juna. Gwada ta daga sauran biyun, ka tabbata ba a toshe ta ba, adireshin IP ma bai canza ba. Sannan ka kwatanta cluster_uuid ɗinsu, wato lambar shaidar kulasta. In ya bambanta, nod ɗin ya kafa tasa kulastar shi kaɗai, abin da kan faru idan ma'ajiyarsa ta zama fanko kuma an bar cluster.initial_master_nodes a cikin saiti.

Hajiya 'Yar Daura: Malam ya gama magana. Rawayar dai kwafin shad ne, wato wani yanki na bayanan, bai samu mazauni ba. GET _cluster/allocation/explain zai faɗi dalili. In an gwada zaunar da shi sau 5 an kasa, tsarin ba ya sake gwadawa da kansa, sai ka tura POST _cluster/reroute?retry_failed=true. Don Allah kada ka goge ma'ajiyar bayanan nod ɗin, lambar shaidarsa tana ciki. Ka kuma rage net.ipv4.tcp_retries2, wato yawan sake tura saƙon da bai isa ba, daga 15 zuwa 5, in ba haka ba Linux kan shafe kusan minti 15 yana riƙe da haɗin da ya riga ya mutu.

Na Ƙofar Marusa: Adireshin ne ya canza, dokar tsaro ta firewall kuma ta tsohon adireshin ce, sai 9300 ta toshe. An kafe masa adireshi, ya shigo, kulasta ta koma kore. Allah Ya saka da alheri.