Kwazazzabo Dutse Ne a Kife

Mai buɗe fage:

Salamu alaikum masana hamada,
Ga fage na buɗe, ku zo da amsawa.
Wanda zai bi jagora kwazazzabo,
Yini guda, me zai tanada kafin zuwa?

Malam Jagora:

Wa alaikas salamu, ƙanena,
Ga ta farko, riƙe ta da kulawa:
Kwazazzabo dutse ne a kife,
Gangara ce farko, ƙarshenta hawa.
Awa 2 in ka yi kana sauka,
Ware awa 4 domin haurowa.
Can ƙasa ya fi bakin sama zafi,
Dutse ya sha rana yana furzarwa.
Kashi 1 cikin 3 na ruwa in ya tafi,
Ko ba a kai ba, lokacin juyawa.
A fita da asuba da tocilar goshi,
Daga ƙarfe 10 zuwa 4 a laɓe a inuwa.

Yaya Mai Jinya:

Malam, ka yi daidai, bari in ɗora:
Lita 4 ne mafi ƙarancin ruwa.
Rabin lita zuwa lita duk awa guda,
Kurɓi-kurɓi, kar a jira ƙishirwa.
Amma ruwa zalla shi ma tarko ne,
Zufa na kwashe gishiri da yawa.
A ɗura ruwa, ciki babu abinci,
Gishirin jini sai ya yi ta raguwa.
Ciwon kai da amai da jiri su taso,
A zaci ƙishi ne, a ƙara ɗurawa.
Sa abin taɓawa mai gishiri a jaka,
Duk inda aka huta a ɗan yi taunawa.
Wanda ya fara sambatu da tangaɗi,
Zafi ya kai ƙwaƙwalwa, babu tsayawa:
Inuwa, a jiƙa shi sharkaf, a fifita,
A kira agaji tun bai kai ga sumewa.

Baba Mai Duban Sama:

'Yata, zafi na ba da sanarwa,
Ambaliya kuwa ba ta sallamawa.
Sama garau a kanka, hadari na nesa,
Duk ruwan nan mashigarka yake biyowa.
Ka ga ruwa ya yi laka, ga karmami,
Ka ji rugugi can baya kamar tsawa,
Kar ka yi tsere da shi a tsakiyar kwari,
Yar da jaka, nemi tudu ka yi hayewa.
Santimita 15 na ruwa mai gudu
Ya isa ya kai ƙato faɗuwa.
In jagora ya ce yau an fasa,
Na roƙe ku, kar a yi masa musawa.

Ƙanwa Mai Lura:

Baba, a ba ni dama in taɓo ƙafa:
Sabon takalmi bororo yake haifarwa.
A taka shi makonni kafin ranar,
A yanke farce, gangara na dannawa.
Safar auduga tana riƙe gumi,
Rigar auduga jiƙaƙƙa kuwa sanyayawa.
Malafa mai faɗi, dogon hannu,
Man kare rana duk awa 2 a sake shafawa.
Hannu kar ya shiga kafar dutse,
Kunama da maciji nan suke kwantawa.

Malam Jagora:

Madalla ƙanwata, saura guda biyu:
Waya a ƙasan kwari ba ta kamawa.
Rataya usur, in ka rabu da ayari
Tsaya wuri ɗaya, sau 3 kake busawa.
Mai asma, mai suga, mai hawan jini,
Ya gaya wa jagora tun kafin tasowa,
Ya nuna aljihun da magani yake,
Don wani ya ciro in shi ya kasa cirowa.