Na maƙale a rubutun neman jami'a, ku taimaka min

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Bauchi nake, ina neman gurbin karatu a Amurka ta Common App, wato shafin intanet da ake cike takardar neman jami'o'i, kuma rubutun da ake so in yi a kan rayuwata ba zai wuce kalma 650 ba.

Na zaɓi abin da ya faru kusa da kasuwar Wunti bara. Keke Napep ya buge wani dattijo, jini na zuba daga goshinsa, mu kuwa muna tsaye cirko-cirko, wasu har da ɗaukar bidiyo. Ni ma ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Wata mai awara ce ta cire mayafinta ta ɗaure masa kai. Har yau abin na cin raina.

Malamina ya ce in sa binciken masana halayyar ɗan Adam Darley da Latané na 1968, wanda ya nuna idan jama'a suka yi yawa, kowa sai ya jira wani ya fara. Da na sa, sai ya zama kamar ina wanke kaina. Da na cire, sai ya koma kuka zalla. Yayata kuma ta ce kada in tona wa kaina asiri.

Don Allah, in bar binciken ko in cire? Kuma da me zan rufe, tunda ban yi wata bajinta daga baya ba?