Tsohuwar St Mary Mead: Musayar Baitoci a Kan Kisan Kanar

Malam Na-Kurmi, Kano

Assalamu alaikum. Littafinmu na wannan wata shi ne The Murder at the Vicarage na Agatha Christie, wanda ya fito a 1930, labarin kisan da aka yi a gidan limamin coci. Shi ne dogon labari na farko da tsohuwar nan Miss Jane Marple ta fito a ciki. Wanda bai kai ƙarshe ba ya dakata tukuna, don za a ambaci mai laifi da sunansa. Ga buɗewa:

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba bawa ikon ganewa,
'Yan'uwa ku matso wurin zantawa,
Littafin nan ya isa taunawa,
Kowa ya faɗo abin da ya karanta.

Wani ƙauye ne a ƙasar Ingila,
St Mary Mead, ba gudu ba wahala,
Mata na shayi har a kunna fitila,
Kowa ya san sirrin kowa jimla,
Magana in ta fito, gari ya ji ta.

Kanar Protheroe shi ne majistare,
Faɗa da tsawa suna tafe tare,
Mafaraucin ƙauye ya sa an ɗaure,
'Yarsa da matarsa sai dai su daure,
Bai san tausayi ba, bare ya sassauta.

Rabaran Clement ke ba da labari,
Shi ne limamin cocin gari,
Ran Laraba bakinsa ya yi sauri,
Wai mai kashe Kanar ya yi alheri
Ga duniya duk, haka ya furta.

Washegari Alhamis da maraice,
Aka buga waya, liman ya fice,
Wani manomi na gargara, aka ce,
Ya dawo, ga Kanar a kife a mace,
Da wasiƙa gabansa, ya soma ta.

Lawrence mai zane ya ce shi ne,
Anne matar Kanar ta ce ba shi ba ne,
Ita ta yi harbin, laifinta ne,
'Yan sanda suka ce son juna ne,
Suka sallame shi, suka sallame ta.

Sai ga wata tsohuwa maƙwabciya,
Miss Marple, ba miji, ba ɗiya,
Lambunta na kallon bakin hanya,
Tana cire ciyawa, ido na bibiya,
Mutum bakwai take zargi a ranta.

Tambayata biyu ce, ku amsa:
Marubuciyar ta yi adalci a wasa,
Ko ta ɓoye hujja ta binne a ƙasa?
Kuma ya dace a yi raha kan kisa?
Mai baiti ya zo ya warware ta.

Hajiya Uwar Biyu, Zariya

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da buɗe fage. Ni dai tsohuwar ce ta tafi da ni.

Malam, na ji kira na amsa,
Ban iya ajiye shi na kwanta ba.

Sufeto Slack ya zo da gadara,
Bai bar kowa ya kai aya ba.

Liman na so ya yi batun agogo,
Ya buɗe baki, bai saurara ba.

Agogon ɗakin gaba yake yi,
Da minti 15, bai taɓa daidai ba.

Ya faɗi ya tsaya a 6:22,
Sufeto ya rubuta, bai tambaya ba.

Ita ko Gwaggo Jane tana lambu,
Ba ta riƙe bindiga ko kulki ba.

Madubin kallon tsuntsu gare ta,
Amma ba tsuntsu kaɗai take gani ba.

Anne ta wuce har suka gaisa,
Ba ta rataya jakar hannu ba.

Mace ta fito gari ba jaka?
Tsohuwa ba ta bar wannan ya wuce ba.

Ta gane so ake ta zama shaida
Cewa matar ba ta zo da makami ba.

Bindigar na cikin tukunyar fure,
A bakin taga, ba wanda ya duba.

Lawrence ya ajiye, Anne ta ɗauka,
Amsa laifinsu ba don nadama ba.

Sun san wanda hukuma ta wanke,
Ba za a sake waiwayarsa ba.

Irin Gwaggo na nan a unguwarmu,
Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba,

Amma ta san mai shiga da mai fita,
Da wanda ya gaishe ta bai haɗa ido ba.

Abin da ya sa nake son littafin,
Bai raina hankalin tsohuwa ba.

Ɗan Damagaram

Hajiya, ina gaisuwa. Ni tambayar Malam ta biyu ce ta tsaya mini, kuma ban ji daɗin littafin kamar ku ba.

Hajiya, ki yi mini afuwa,
Ni dai raina ya ƙi natsuwa,
Ga gawa, ga shayi ana zubawa,
Wannan shi ne abin da ya dame ni.

Griselda matar liman na wasa,
Mary 'yar aiki girki ta kasa,
Ana ta ba'a, Kanar na cikin ƙasa,
Mai hawaye ɗaya ku nuna mini.

Na yarda mugu ne, babu musu,
Iyalinsa ya ƙuntata musu,
Amma rayuka Allah ke da su,
Ba mai zane ba, ba ke ba, ba ni.

In an saba wa mai karatu
Ya ji daɗi duk sanda wani ya mutu,
Jini ya zama abin hira ran hutu,
Ina tausayi zai tsaya? Ku amsa mini.

Kuma a ƙarshe hujja ta ƙi cika,
Sai da tarko aka ɗana aka saka,
Kotu ba ta hukunci a kan shakka,
Hasashen tsohuwa ya kasa gamsar da ni.

Baba Mai Ritaya, Jos

Ɗana na Damagaram, Allah ya yi maka albarka. Saurara.

Ɗana, zancenka yana da nauyi,
Na ji daɗi da ka kawo tausayi,
Amma koma ka duba wurin shan shayi,
Wa ake wa dariyar da ake yi?
Masu rai ne, mamacin an ƙyale shi.

Ana dariyar Sufeto mai gaggawa,
Da masu leƙen taga suna ƙarawa,
Da Dakta Stone mai tonon kushewa,
Ashe azurfar Kanar yake son sacewa,
Sunan ma na wani ne, aro ya yi shi.

Amma ka tuna da Hawes na'ibi,
Marar lafiya, mai rauni, mai aibi,
Ya taɓa kuɗin coci, ya yi zunubi,
Kanar ya gano, zai yi masa hisabi,
Wasiƙar gaske ita ke tona shi.

Lawrence ya ɗauke ta ya adana,
Ya sa ta jabu a gurbin, ya ɗana,
Ya je gun Hawes da fuskar amana,
Ya musanya maganinsa don ya kwana
Kwanan da ba tashi, laifi ya bi shi.

A nan littafin ya bar dariya,
Cikin dare tsohuwa ta biyo hanya,
Ta zauna ta jero musu gaskiya,
Likita Haydock na can yana jinya,
Marar gata ne, ita ta tsamo shi.

Da ba ta zo ba, da an rufe takarda,
An ce na'ibi ne, kowa ya yarda,
Kisa biyu ke nan, ba mai shaida,
Masoya su ci gado, su bar jarida
Ta ci mutuncinsa, a binne shi.

Batun hujja, ta san halin alƙali,
Ba ya karɓar zato ko na mai hankali,
Shi ya sa ta nemi tarko bisa dalili,
Suka tona kansu da bakinsu a fili,
Shari'a ta hau ta, ta hau shi.

'Yar Zongo, Kumasi

Baba, ina wuni. Ni kan tambayar farko zan tsaya, ta adalci. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji 10 na rubuta irin wannan labari. A ciki akwai cewa dole mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kuma duk alamar da mai bincike ya gano a nuna wa mai karatu ita. Da su na auna.

Lawrence tun farko yana gabanmu,
Batun jakar hannu an faɗa maka.

Shukar tukunyar nan ta yi yaushi,
Tsohuwa ta lura da ita a idonka.

Atishawar da 'yar aiki ta ji,
Harbi ne da aka danne, ba shakka.

Zuwa nan Christie ta riƙe amana,
Wanda bai gani ba, shi ya yi sakaka.

Amma ƙarar harbin bogi da ta tashi a daji,
Nan marubuciya ta wuce iyaka.

Dutse da igiya da sinadari
Su fashe kan lokaci, yaya haka?

Ta yi aiki ɗakin magani a Torquay
A yaƙin duniya na farko, na san haka.

Ta san sinadari, ban musa ba,
Amma wannan da wuya in ɗauka.

Ga akwatin Stone, ga ɗan kunnen Anne,
Ga hoto a ɗaki an yayyanka.

Hanyoyin ɓatarwa sun yi yawa,
Da an rage, da labarin ya haskaka.

Mrs Lestrange kaɗai na bar wa gurbi,
Uwar Lettice 'yar Kanar ce, ta sa ni kuka.

Ajali ya matso, ta zo ganin 'yarta,
Kanar ya ce ba ta isa ta taka.

Ɗan Damagaram

Baba, batun Hawes na karɓa,
Wurin nan kam zuciya ya taɓa,
Amma 'yar Kanar ba ta yi kuka ba,
Ta ƙi sa baƙi, abin ya tsaya mini.

Uba uba ne ko ya yi zafi,
Ina neman layi ɗaya a shafi
Da wani zai ce ya yafe masa laifi,
Na duba har bango, ya gagare ni.

Hajiya Uwar Biyu, Zariya

Ƙanena, rashin kukan da gangan ne,
Marubuciya ba ta manta da shi ba.

Wanda ya hana uwa ganin 'yarta,
Ka ji 'Yar Zongo, ba ta ƙara ba.

Lettice ta bi uwarta ƙasar waje,
Ba ta bar ta ta yi jinya ita ɗaya ba.

Zuciyar yarinyar na da taushi,
Uban ne bai taɓa nema ba.

Duk da haka wa ya bi masa haƙƙi?
Tsohuwar da bai taɓa burgewa ba.

Anne take so, ta faɗa da bakinta,
Son bai hana ta kiran sunanta ba.

Malam Na-Kurmi, Kano

Allah ya saka wa kowa da alheri. Wata mai zuwa za mu ɗauki dogon labarin Miss Marple na biyu, The Body in the Library, na 1942. A cikinsa an wayi gari da gawar wata budurwa a ɗakin karatun Kanar Bantry, ba wanda ya san ta a gidan, sai matarsa Dolly ta buga wa tsohuwar waya. Ɗan Damagaram, kai za ka buɗe fage, kuma kai za ka zaɓi amsa-amo.