Tambaya: Yaya ake gane ƙarancin ruwa a jikin yaro mai tamowa?

Ɗalibar Jinya, Wamakko:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga magabatanmu a wannan aiki. An koya mana cewa idan yaro yana gudawa a tsunguli fatar cikinsa tsakanin cibiya da kwiɓi, idan ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, ga idanu sun faɗa, ga shi ya kasa sha, to ruwan jikinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Sai dai yaran da ake kawo mana a wannan bazara da yawansu ramammu ne, fatarsu ba ta komawa da wuri ko da babu gudawa. Da me za mu dogara?

Tsohuwar Sista, Sakkwato:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin ki taɓa fatar, fara auna kaurin damtsen yaron na hagu. Idan awon ya gaza santimita 11.5, ko kuwa kin danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa 3 yatsarki ta bar gurbi, to tamowa ce mai tsanani, kuma tsungulin fata ba abin dogaro ba ne a kansa, domin kitsen da ke ƙarƙashinta ya riga ya ƙare. A nan bakin uwa ya fi hannunki amfani. Ki tambaye ta yaushe gudawar ta fara, ruwa-ruwa ce ko kuwa, yaushe rabonsa da fitsari, sannan idanun nan jiya suka faɗa ko dama haka suke tun watan jiya. Matasan ma'aikata sukan yi gaggawar katse uwa, alhali ita ce ta kwana da yaron.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a ruga a ɗaura masa ƙarin ruwa. Zuciyar irin wannan yaro ba ta da ƙarfi, ruwa kaɗan ya isa ya yi mata yawa. Ba a ɗaurawa sai jiki ya yi sanyi, bugun jini ya raunana, hankalinsa ya fara gushewa, kuma da umarnin likita.

Nas, Illela:
Gaskiya ne, Sista. A nan muna ba su ReSoMal ta baki, wato ruwan mayar da ruwan jiki na masu tamowa, wanda gishirinsa bai kai na ruwan gishiri da sukari da aka saba ba, mililita 5 ga kowane kilo na nauyin yaro, duk bayan minti 30 har tsawon awa 2. Kafin kowane shayarwa a ƙirga numfashi da bugun jini a rubuta. Idan duka biyun suna hauhawa, ko fatar ido ta fara kumbura, a dakata nan take.

Tsohuwar Sista, Sakkwato:
Haka ne, ɗana, amma banda lokacin da ake zargin kwalara. Idan kashin kamar ruwan wankin shinkafa yake, a koma ga ruwan gishiri da sukari na asali. Nono kuwa, kada a hana uwa bayarwa ko ana cikin shayar da ruwan.